Jifan da ba wanda ya yi

Abin da na fara yi shi ne waiwaye. Na ɗauka wani yaro ne cikin 'yan kallo ya jefe ni da dutse a bayan cinya, har na buɗe baki zan yi zagi. Ba kowa a bayana sai ɗan bayan da na wuce, shi ma da tazara tsakaninmu. Na taka ƙafar hagu zan ci gaba, ta ƙi ɗaukata, sai ga ni a ƙasa.

A tsakiyar Disambar 2023 ne, a filin firamaren ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, ranar wasan kusa da na ƙarshe na gasar da muke yi duk shekara bayan an kwashe amfanin gona. Lamba bakwai nake bugawa, kuma gudu shi ne jarina, don ban iya yanka ba. Ran nan hunturu ya sauko sosai. Daga fadama na taho a kan mashin, iska ta gama busar da ni, na tarar har an jera. Na zura takalmi na faɗa fili ba tare da na ɗumama jiki ba. Ba a yi minti goma ba aka zuro mini ƙwallo ta gefe, na bi ta da iyakar ƙarfina.

Kafin in gama gane abin da ya same ni an kewaye ni. Kowa ya zama likita. "Jijiya ce ta hau!" Wani ya kama dunduniyata ya ɗaga ƙafar sama, wani ya tura yatsun wajen fuskata, kamar yadda ake yi wa wanda tsoka ta ɗaure masa. Na yi ihu, suka ce alamar tana sauka ke nan. Koci ya zo da kwalbar man zafi ya lafta, ya murje wurin da tafin hannu har sai da fata ta yi kamar an watsa mata barkono. Da dare Inna ta tafasa ruwa, ta tsoma tsumma ta gasa mini. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, sai dai "Kai wannan, juya," tana dannawa tana mita a kan ƙwallo da wanda ya kawo ta duniya.

Da safe aka kai ni wurin Baba maɗori.

Ina so a fahimce ni a kan wannan dattijo, don ba zan yarda a karanta labarina a raina shi ba. Ɗori gado ne a gidansu. Ina shekara tara na faɗo daga bishiyar mangwaro na karye a hannu, shi ya ɗora ni da karan dawa da tsumma, ga hannun nan yau ina noma da shi. Ba ya yanka wa kowa kuɗi, abin da ka ajiye a gefen tabarma shi ke nan. Ya sa na kwanta rub-da-ciki, ya bi ƙashin cinyar da yatsunsa tun daga kwankwaso har gwiwa, ya bubbuga dunduniya, ya ce, "Ƙashi lafiya lau, ɗan nan. Jini ne ya kwanta, jijiya kuma ta harɗe. Sai an warware ta." A maganar ƙashi bai yi kuskure ko kaɗan ba.

Ya yi tofi a man shanu, ya shafa, sannan ya kafa babban yatsansa daidai inda ciwon yake ya fara tuƙawa. Ban san lokacin da na ciji gefen tabarma ba. "Daure, daure. Ciwo ba ya fita sai da ciwo." Safiya uku a jere muna haka, da dare kuma ruwan zafin Inna. A rana ta huɗu bayan cinyata ya yi baƙi ƙirin tun daga tsakiya har lungun gwiwa, ya kumbura ya yi tauri kamar ɗanyen gwanda. Salla sai a zaune. Tsugunno a bayan gida kuwa, wannan ba na faɗa ba ne. Wanzamin unguwarmu ya leƙo dubiya, ya ga baƙin, ya ce mataccen jini ne, gobe zai zo da ƙaho a zuƙe shi.

Allah ya taimake ni goben Alhamis ce, ranar da Kawu ke dawowa gida. Ƙanin Inna ne, yana aiki a ɗakin shan magani na wani ƙauye. Ya ɗaga zanen da na rufa da shi, ya daɗe yana kallo, ya juya wurin Inna. "Yaya, wa ya ce a gasa?" Ta ce to da me za a yi, a zuba masa ido? Ya ce daga yau a ajiye tukunyar, a ba wanzami haƙuri, ranar Litinin kuma in tafi babban asibiti in nemi sashen gashi. Duk da halin da nake ciki sai da na yi dariya. Na ce Kawu, ai gashin muke yi kwana huɗu. Ya ce sunan ne kawai ya bi su, in je in gani.

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, shiga mota ta zama abin da sai an yi shawara a gida. Duk da haka Kawu ya nace in tafi da ƙanena, yaro ɗan shekara goma sha bakwai, wai zai riƙe ni a hanya. Muka yanki kati, muka bi layi, likitan farko ya duba ya rubuta takarda ya tura mu. A sashen gashin ni kaɗai ne ɗan ƙwallo. Akwai dattawa masu shanyewar ɓarin jiki ana koya musu taku tsakanin ƙarafa biyu, da wata tsohuwa mai ciwon baya, da uwa riƙe da yaron da wuyansa bai tsaya ba. Sai na ji kunyar ɗingishina.

Wanda ya karɓe mu matashi ne, bai fi ni da yawa ba, a Jami'ar Bayero ya yi karatun. Bai taɓa ni ba sai da ya gama tambayoyi: me nake yi lokacin da abin ya faru, na ji ƙara ko ban ji ba, na iya takawa bayan nan, me aka yi wa wurin. Da na zo kan ja da murza da ruwan zafi bai ce komai ba, rubutu kawai yake. Ya sa na kwanta rub-da-ciki, ya fara da sha-raɓa, nesa da ciwon, ya matsa, ya gwada kaurinta da na ɗaya ƙafar da tef irin na tela. Sannan ya hau cinya a hankali da kan yatsu, yana cewa in gaya masa inda zafin ya fara da inda ya ƙare, ya sa alama da biro. Ya ce in lanƙwasa gwiwa shi kuma ya riƙe dunduniyar. Ƙafar dama ta kusa ɗaga shi. Ta hagu, da yatsu biyu ya tsayar da ita.

"Malam, mu Hausawa jijiya ɗaya gare mu a baki, amma a jiki iri uku ce," in ji shi. "Akwai wadda jini ke bi, akwai mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, akwai farar igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi. Naka ba ko ɗaya ba ne, kuma ba abin da ya harɗe. Tsoka ce ta yage."

Ya zana mini a bayan katina. Tsoka uku ce a bayan cinya, sun taso daga ƙashin da mutum ke zama a kansa, sun sauka har ƙasan gwiwa. In kana gudu ka wurga ƙafa gaba, su ne birkin da ke tare ƙwauri kafin ka dira. A wannan ɗan lokacin suna miƙewa kuma suna ja a tare, nan ne suke yagewa, shi ya sa mutum ke jin kamar an jefe shi alhali ba wanda ya taɓa shi. Ya ce mataki uku ne. Na farko 'yan zare ne suka tsinke. Na biyu wani sashe ya yage amma sauran na riƙe. Na uku ta rabu gaba ɗaya, wani lokaci ma ta ɓalle daga jikin ƙashi, wannan kam sai Asibitin Ƙashi na Dala, wataƙila har da aiki. Nawa na biyu ne.

Na tambaye shi baƙin nan fa. Ya ce jinin da ya zuba ne daga inda ya yage, ya gangaro ƙarƙashin fata, kuma jiki da kansa zai shanye shi, ba ya bukatar ƙaho. Sai a nan ya koma kan abin da ya rubuta ɗazu. Kwana biyu zuwa uku na farko ƙananan hanyoyin jini a buɗe suke suna yoyo, jiki na ƙoƙarin toshe su. Zafi buɗe su yake ƙara yi. Babban yatsa kuma yana farfasa toshiyar da ta fara kamawa. Ja da aka yi a fili, kamar ka kama yagaggen zane ne ka ja bakinsa biyu. Ya ce akwai abin da suke tsoro in an dage da murza tsokar da jini ya taru a cikinta: wani lokaci ƙashi ne ke tsirowa a tsakiyar naman, ya bar mutum da tauri na watanni. Abin da ya kamata a yi ran nan mai sauƙi ne: a fitar da ni daga fili, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti goma sha biyar zuwa ashirin, a ɗaure da bandeji ba matsewa can ba, a ɗora ƙafar a kan matashi. Daga baya na karanta a waya cewa wani likitan wasanni a Amurka, Gabe Mirkin, shi ya haɗa wannan tsari a 1978, kuma a 2014 shi da kansa ya fito ya ce kada a wuce gona da iri da ƙanƙarar, don kumburi ma yana cikin aikin warkewa. Wato ƙanƙara ta rage raɗaɗi ce a farko, ba ita ke ɗinke nama ba.

Na ce, "To Likita, tausa ba ta da amfani ke nan?"

Ya ce, "Tana da shi. An dai kawo ta kafin ranarta."

Da ya ji daga inda muka zo da abin da muka kashe a mota, sai ya dubi ƙanena ya ce ya wanke hannu. Tun da ba zan iya zuwa sau uku a mako ba, za a koya wa na gida, ni kuma in riƙa zuwa duk bayan mako biyu. Ashe abin da Kawu ya hango ke nan.

Salon tausar sunayen Faransanci gare su, ana danganta su da wani likita ɗan ƙasar Holan na ƙarni na 19 mai suna Mezger, kuma har yau da su ake koyarwa. Ƙanena ya kasa riƙe ko ɗaya, sai ya sa musu nasa: shafa, kwaɓi, da giciye. Likitan ya yi dariya ya ce sun fi na littafi.

Shafa aka fara da ita, kuma mako biyu ita kaɗai aka yarda a yi. Tafin hannu gaba ɗaya ake shimfiɗawa, ba kan yatsu ba, a taso daga saman gwiwa a tafi sama wajen ɗuwawu a hankali, a dawo ta gefe da hannu sake ba nauyi, a sake tasowa. Kullum nauyin a tafiya sama yake. Dalilin da ya ba mu ya zauna mini: jijiyoyin da ke mai da jini zuciya suna da 'yan ƙofofi a ciki masu buɗewa ta fuska ɗaya, ruwan kumburi kuma matattararsa a matsematsi take, inda kaluluwa ke fitowa in mutum ya ji ciwo a ƙafa. To ka tura ruwa inda magudanarsa ta nufa. Ya kama hannun yaron ya ɗora a nasa damtsen ya nuna masa nauyin, ya ce kamar mai shafa bayan doki, ba mai wanke tukunya ba. Tsakanin alamomin biron nan biyu kuwa, ya ce a tsallake, ko a wuce ta kai kamar ana shafa kan jariri.

Ya ba ni ma'auni. In ɗauka sifiri ba ciwo, goma kuma yatsan Baba maɗori ne (ni na ba shi wannan misalin, ba shi ba). Duk abin da ya haura uku, in ce a tsaya. In kuma na wayi gari wurin ya fi jiya tsami, to an zarce, a huta kwana ɗaya. Wannan ya fi komai yi mini wuyar karɓa. Mun tashi a kan cewa magani mai ɗaci shi ne magani, allura ta fi ƙwaya, tausar da ba ta sa ka ƙara ba wasa ce. Daren farko da ƙanena ya yi mini minti goma na shafar nan a kan tabarma bayan isha'i, na ce masa, "Kai, danna mana, ko tuwo ba ka ci ba?" Ya ce, "Yaya, Likita ya ce in ka ce haka kar in kula ka."

Batun mai, na zaci zai rubuta mana wani mai tsada. Ya tambayi abin da ke gida, muka ce man kaɗanya da man gyaɗa. Ya ce sun isa, aikin mai shi ne kada hannu ya ja fata. Man zafin da muke ji da shi, ya ce fata kawai yake ruɗa, sanyi-sanyi da zafi-zafinsa su ɗauke hankalin mutum daga ciwon, ba ya ratsawa ya gyara tsoka. Ya gargaɗe mu kada a shafa shi a bi da ruwan zafi ko a ɗaure tam, yana ƙona fata. A hunturun nan sai ƙanena ya fara murza man kaɗanyar a tafinsa ya narke, hannun ya yi ɗumi, kafin ya taɓa ni. Ranar da ya manta kuwa duk gidan sai an sani.

Akwai abu guda da ya maimaita wa yaron har sau uku, ya sa shi ya faɗa da bakinsa. In sha-raɓa ta kumbura ita kaɗai, ta yi zafi, ta yi ja ko tauri, musamman ga wanda ya daɗe a kwance, kada hannu ya je wurin, a taho asibiti a ranar. Yana iya zama gudan jini ne a babbar jijiya, in aka murza ya ɓalle sai huhu. Abin da ya sa ya fara auna tawa ke nan. Haka in akwai zazzaɓi, ko maruru, ko buɗaɗɗen rauni, ko ana zaton karaya.

A zuwa na biyu baƙin ya koma ruwan ɗorawa, kumburin ya sauka. Sai aka ƙara kwaɓi. Nan hannu biyu ake sa wa, a ɗago naman tsakanin yatsu da gindin tafi, a matsa, a saki, ɗaya hannun ya karɓa, kamar mai cuɗa fulawar fanke. Ba a kan yagewar aka fara ba. Wuraren da suka ɗauki nauyin ɗingishi aka bi: ɗuwawu, gefen cinya, sha-raɓa, har da ƙugu. Ban san sun ɗaure haka ba sai da aka taɓa su. Wannan ita ce tausar da na ji daɗinta, wadda ke sa barci ya kwashe ni kafin a gama. Giciye kuwa bai bar wa yaron ba sai can gaba, shi ya riƙa yi da kansa. Yatsa ɗaya ake ɗora wa wani, a kafa a kan tabon da ya yi tauri kamar ƙwallon dabino, a motsa fatar tare da yatsan a gicciye, ba a bin tsawon tsokar, minti biyu ko uku kawai. Da zafi, amma irin zafin da ke dusashewa ana cikin yi. Na lura da wani abu na yi shiru: kusan abin da Baba ya yi mini ke nan, sai dai shi ya yi a kwana na ɗaya, wannan a mako na huɗu.

Bai ɓoye mini ba cewa duk wannan ƙaramin rabo ne na aikin. Tausa tana rage ciwo, tana sassauta abin da ya ɗaure, tana sa mutum ya yarda ya motsa. Sabon naman da ke cike gurbin kuwa ba ya yin ƙarfi sai an ɗora masa kaya kaɗan-kaɗan. Don haka kowace tausa tana da atisayen da ke biye da ita. Da farko in kwanta rigingine in danna dunduniya a ƙasa in ƙirga biyar. Sai ɗaga ƙugu sama da ƙafa biyu, daga baya da ɗaya. Sai in ɗora dunduniya a kan buhun taki da ba komai a ciki, in zame ta a kan siminti a hankali in dawo da ita. Ni kuma na samo nawa ma'aunin da ba ya cikin takardarsa, wato ruku'u. Mako biyu ina salla a zaune. Da na fara tsayuwa, hannuna iyakarsa tsakiyar cinya. Kullum da asuba ina ganin inda ya kai, har ranar da tafina ya zauna a kan gwiwa bayana ya miƙe ban ji an ja ni ba.

Ana cikin haka aka fara gasar cin kofin Afirka a Kwaddebuwa, 13 ga Janairun 2024. A gidan kallo benci ne, bencin kuma daidai ƙashin zaman yake taɓawa, sai na riƙa zuwa da matashi ana yi mini tsiya. Kowa na bin ƙwallo, ni ina bin mutanen da ke rugowa da jaka in ɗan wasa ya faɗi. Ban ga wanda ya kafa yatsa yana tuƙa sabon ciwo ba. Tambaya suke fara yi, su taɓa, su gwada, in abin ya yi tsanani su yi wa benci alama. Wani dattijo mai goyon bayan Liverpool da ke gefena ya tuna mana da Michael Owen, wanda tsokar nan ta yage masa a wasa da Leeds a 1999 yana shekara 19, kuma shi da bakinsa ya sha faɗin cewa gudunsa bai koma yadda yake ba. Na dawo gida jikina a sanyaye.

Sai dai jin tsoro daban, hankali daban. A mako na biyar ciwo ya ɗauke, ina tafiya ba ɗingishi, ina hawa mashin. Wata yamma na je kallon atisayen yaranmu, ƙwallo ta gangaro wajena, wani ya taho zai ɗauke. Taku huɗu na yi. A na biyar na ji an tsunkule ni a wurin nan dai. Sauri ya haifi nawa. Da na koma na faɗa wa likitan, ya ajiye biro ya dube ni. "Malam, ciwo shi ke fara tafiya, ƙarfi shi ke zuwa a ƙarshe. Tsakaninsu nan ne ake komawa gidan jiya." Ya ce makonnin farko bayan an koma fili su ne mafi haɗari ga wannan tsoka. Aka mai da ni baya kwana goma, aka koma shafa zalla. Ƙanena bai ce komai ba, amma ya kai ƙarata wurin Inna.

Abin da na fi jin nauyinsa duk tsawon lokacin nan shi ne wucewa ta ƙofar Baba. Hanyar masallaci ce, ba yadda za a kauce. Kullum sai in gaishe shi daga nesa in ƙara sauri. Wata rana bayan la'asar ya kira ni. Na durƙusa.

"Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, Baba."

"An ce ka koma wurin 'yan boko."

Na ce Kawu ne ya matsa. Ya ce in faɗa masa abin da suka ce, kar in rage. Na faɗa, ina tauna kalmomi: sun ce ƙashi lafiya kamar yadda ya faɗa, sun ce nama ne ya yage, sun ce ba a son a taɓa shi sai ya kwana uku. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce mahaifinsa ma ba ya taɓa targaɗen da ke da zafi a hannu, tofi yake yi ya ce a je a dawo in ya huce. "Amma mutanen yanzu, ɗan nan, in suka ɗauko yaro suka kawo maka, ka ce su je su dawo, sai su ce ba ka iya ba. Su wuce wurin wani ya murje shi." Ya sa na nuna masa shafar a ƙwaurinsa. Ya ce hannuna ya yi nauyi.

Atisayen ƙarshe shi ne wanda na fi tsana. Ka durƙusa a kan tabarma, wani ya danne maka idon sawu, ka tafi gaba a miƙe kamar itacen da aka sara, kana riƙe kanka da bayan cinya har inda za ka iya, sannan ka tare ƙasa da hannu. Daga ƙasashen arewacin Turai ya yaɗu, yana cikin tsarin ɗumama jiki na FIFA da ake kira 11+, kuma binciken da aka tattara a 2019 ya nuna ƙungiyoyin da ke yin sa suna rage wannan rauni da kusan rabi. Ranar farko sau uku na yi, na kwana biyu ina tafiya kamar mai kaciya. Daga nan sai sassarfa a hanyar fadama, sai rabin gudu, sai gudu da juyawa. A ƙarshen Fabrairu, mako na goma, ya danna tsakanin inda alamomin biron suke ban ji komai ba. Ya riƙe dunduniyar hagu da hannu biyu, na ɗaga shi. Ya ce in je, amma atisayen durƙuson nan ya zama nawa har in daina ƙwallo. Ya koya wa ƙanena abu na ƙarshe kyauta: kafin wasa tausa gajeriya ce mai sauri, da 'yar bubbugawa da gefen hannu, kuma ba ta maye gurbin ɗumama jiki, mai nauyi da jinkiri sai bayan an tashi.

Azumi ya kama a watan Maris, aka ajiye ƙwallo. Bayan ƙaramar salla muka yi wasan sada zumunci da ƙauyen da ke tsallaken kogi. Na buga rabin lokaci, na yi gudu biyu na gaske, na fito da ƙafata. Ƙanena kuwa ya zo da kular Inna cike da ruwan leda da ya daskarar a firinjin mai shagon sola, da tsofaffin ɗankwalaye biyu. Ana saura kaɗan a tashi wani yaronmu ɗan shekara goma sha shida ya bi ƙwallo, ya dafe bayan cinya, ya waiwaya. Ina ganin waiwayen nan na miƙe. Kafin in isa har wani ya kama dunduniyarsa, sai muryar ƙanena daga bakin fili: "Kar a ja! Wallahi kar a ja!" Ya ratsa manya ya durƙusa ya naɗe ƙanƙara ya ɗora. Koci na tsaye da kwalbarsa a hannu, ya dube ni, ya mai da ita aljihu.

Da dare uban yaron ya ɗauke shi a mashin ya kai wa Baba, kamar yadda kowa zai yi. Na bi su. Baba ya bi ƙashin da yatsu daga kwankwaso har gwiwa, ya ɗora bayan hannunsa a wurin ya ji ɗuminsa, ya yi tofi, ya ja zane ya rufe. Ya ce a mai da shi gida a ɗora ƙafar a kan matashi, kar a gasa, a dawo da shi ranar Talata. Muna fitowa zaure uban ya matso kusa da ni yana gunaguni ƙasa-ƙasa, wai Baba dai tsufa ya zo, ko man shanun bai buɗe ba.